Duwatsun Kan Ɗakin Iyatu

Iyatu ba ta kama sunan 'yarta. Tun da na tare a gidan hayarmu na Jiwa, a gefen Abuja, ɗakina jikin nata, ban taɓa jin bakinta ya ce Rumasa'u ba. "Yarinyar nan" take cewa, ko "waccan", in ta matsu ta ce "ke". 'Yar fari ce, kuma a ƙauyensu can ƙasar Malumfashi uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta jan shi a jiki a gaban mutane. Ni dai wannan kara haushi take ba ni a kan Iyatu, don daga 'yar farin nan Allah bai ƙara ba ta wani ba. Mace da 'ya ɗaya tilo, ta ƙare rayuwarta tana yi kamar ba ta damu da ita ba.

Aikinta gyaran kifi a kasuwar Kado. Ba ta da teburi, ba ta sayar da ko jela. Mai saye zai zaɓi tarwaɗarsa, a miƙo wa Iyatu, ta yanka, ta fitar da ciki, ta murje yauƙin da gishiri da ruwan zafi, ta ƙulla a leda. Tun asuba take fita ta bi motar Karimo, sai magariba ta dawo tana jan ƙafa. Hannuwanta duk sun tsage. Ko ranar Sallah ta yi wanka ta shafa turare, in ta wuce sai ka san daga inda take.

Mijinta Yahuza gadi yake yi a wani gidan bulo, kuma mutum ne da sai ka yi masa magana uku kafin ya mayar da ɗaya. Duk shekara in zafi ya tsananta, hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai ya aro tsani ya jingina a bangon ɗakinsu. Kafin ya taka, sai ya ɗaga murya ya ce, "Mata a kintsa, za a hau sama," saboda makewayin gidajen unguwarmu duk ba su da rufi. Ita kuma Iyatu ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa da taga. Da tsakar rana suke yin aikin, don a lokacin ne duk wata huda a kwanon take nuna kanta da ɗigon haske. Ta hau kujera ta zura tsinken tsintsiya a hudar, shi kuma a sama ya ga tsinke ya tsiro, ya liƙe wurin da kwalta. In ya gama sai ya ƙara dutse ɗaya ko biyu a kan waɗanda ke can. Da tafiya ta yi tafiya, kan ɗakin nan ya tara duwatsu da fasassun bulo da tsofaffin tayoyi har uku.

A kan duwatsun nan kawai na taɓa jin suna faɗa. "Ka mai da mana ɗaki bola," in ji ta. "Kowa ya hango daga titi ya san gidan matsiyata ne." Shi kuwa amsarsa ɗaya ce kullum: "Bar su, aiki suke yi." Bai taɓa ƙara ko kalma a kai ba, har zazzaɓin da ya kwantar da shi ya tafi da shi.

Daminar da ta biyo bayan rasuwarsa babu wanda ya hau sama. Ɗakin ya yi ta yoyo. In ana ruwa, ta bango nake jin yadda take jan gado daga wannan kusurwa zuwa waccan, da ƙarar ɗigo a cikin roba da kwanon sha da tukunyar miya. Mai gidan hayar, wanda duk muke kira Oga, a waya kawai ake samunsa, kuma maganarsa ba ta wuce a yi haƙuri, abubuwa sun yi tsada. Musbahu kafinta ya zo ya duba, ya ce kwano da katako duk sai an sauya. Da ya faɗi abin da za a kashe, Iyatu ta yi masa godiya, ta ba shi ruwa ya sha, ta raka shi ƙofa. Ta shanye daminar a haka, ba ta kai kuka wurin kowa ba.

Rumasa'u kuwa ta riga ta yi aure tun Yahuza na da rai. Tana tsaron shagon atamfa na wata Hajiya Nazeefa a kasuwar Wuse, ɗan Hajiyar, Amir, ya gan ta ya ce yana so, ita ma ta ce tana so. Suka tare a wani bene a Wuse, Hajiya a ƙasa, su a sama. Da ciki ya bayyana, sai Iyatu ta zama wata mace daban. A al'adarsu haihuwar fari a gidan iyaye ake yi. Yarinya ta dawo goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta, a yi mata wankan jego safe da yamma har ta yi arba'in. Wannan ne lokaci ɗaya da al'ada ta yarda uwa ta riƙe 'yar farinta da hannu biyu ba wanda zai ce ta yi rashin kara. Iyatu ba ta faɗa mini haka ba, ba ta faɗin irin wannan. Amma tun kaka na ga ta fara tara itace. In manoman Jiwa sun share gona, ta roƙi busassun rassa ta ɗauko a ka, bayan ta wuni a tsaye a Kado. Ta jera su a bayan ɗaki ta lulluɓe da tsohon tamfol. Ta sayi kanwa, ta ajiye gero, ta aro garwar dafa ruwa tun saura watanni.

Kada a yi wa Hajiya Nazeefa ƙarya, ba muguwa ba ce. Ta san al'ada, kuma ba ta ce ba za a yi ba. Sai dai Rumasa'u ta yi suɓutar baki ta ba ta labarin robobin daminar bara, ga shi kuma haihuwar za ta faɗo a farkon ruwa. Hajiya ta aiko cewa za ta kawo yarinya da kanta ta ga wuri. In ɗaki lafiya, shi ke nan, ta bar ta. In yana yoyo, ba za ta iya barin jariri da mai jego a cikin danshi ba. Ni a wurina magana ce ta hankali. A wurin Iyatu kuwa kamar an ɗora mata wuƙa a wuya.

Na ce mata, "Inna, ki bari a gaya wa Amir mana. Wannan ai ba komai ba ne a wurinsa."

Ta dube ni kamar na zage ta. "Malama, suruki ne zai rufa mini ɗaki? In kwana ina kallon kwanonsa?"

Daga nan na bar maganar, don na san in Iyatu ta kafe ko jaki ya san da zamanta.

Maƙwabciyarmu Magdalena, 'yar Kafanchan mai sayar da abinci a tasha, ita ta kawo dabarar. Ta ce ba sai an sayi kwalta ba. Farin soson nan da ake zubo kifi da ƙanƙara a ciki, wanda ake zubarwa a Kado, in aka gutsuttsura shi a cikin fetur narkewa yake ya zama danƙo, kuma in ya bushe a kan kwano ruwa ba ya ratsa shi. Iyatu ta yi kwanaki tana dawowa da fasassun akwatunan soso a ka, yaran mota suna yi mata tsiya wai ta fara sayar da iska. Ta sayi fetur a kwalbar lemo, ta sayi ƙusoshi cikin tafin hannu, ta aro tsani da guduma.

Ranar Litinin ta zaɓa, don kasuwar kifi ba ta ci sosai, ni kuma muna hutun makaranta. Mazan gidan duk sun fita nema. Ta sa tsohon wandon Yahuza a ƙarƙashin zani, ta ɗaure ƙugu da ɗankwali.

Magdalena ta riƙe tsani tana mita da gurguwar Hausarta. "Mama Rumasa'u, wannan aiki ba na mace ba ne fa. In ka faɗo, wa zai yi wankan? Abeg, ka taka a hankali."

Iyatu ta sa ƙafa a matakin farko, sai ta tsaya. Ta gyara murya ta ce, "Mata a kintsa, za a hau sama."

Wata tsohuwa a gidan baya ta fashe da dariya, ta ce yau kuma mace ce ke yi wa mata gargaɗi. Ni ban yi dariya ba. Na ji muryar Yahuza a cikin maganar, kuma na san ita ma ta ji.

Ni na karɓi tsohon aikinta. Na shiga ɗakin na rufe ƙofa da taga, na ɗaga kai. Wallahi hudojin sun fi ƙarfin ƙirga, haske na zubowa ta ko'ina kamar rariya. Na hau kujera na fara zura tsinke. A sama ina jin ta tana jan gwiwa a kan kwano, a cikin ranar nan ta ƙarshen bazara da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. In ta liƙe huda, ɗigon hasken ya mutu, in matsa gaba. Warin fetur ya cika ɗakin har kaina ya fara sarawa. Tun ina jin tana magana har ta koma nishi kawai. Mun kai la'asar a haka, ɗakin yana ƙara duhu, har ya zama ba na ganin hannuna.

Sai na ji guduma na ɗan lokaci. Bayan nan na ji wani abu ya faɗi tim a bayan ɗaki, wani ya biyo. Na fito a guje na zaci ita ce. Ashe duwatsun take turowa ƙasa, da bulo, da tayoyin, ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Inna, marigayi ai bai ɗora su don ado ba."

Ta leƙo, fuskarta ta yi baƙi da rana, idanu jajur. "Baƙi za su zo. So kike Hajiya ta sauko daga mota ta fara cin karo da taya a kan ɗaki? Na buga ƙusa ko'ina. Shi ƙyuyar sayen ƙusa ce ta sa yake ɗora dutse." Har da ɗan murmushinta ta ƙara da cewa aikin ma ba wuya, bugu ɗaya ƙusa take shigewa kamar cikin tuwo.

Ta sauko da tafin hannu duk ya tashi, gwiwoyi sun saluɓe. Ta tsaya daga nesa ta kalli kan ɗakinta fes, babu ko tsakuwa. Tun rasuwar Yahuza ban ga ta ji daɗi irin na ranar ba.

Bayan kwana biyu aka yi ɗan yayyafi mara iska. Ko ɗigo bai sauka a ɗakin ba. Ta kira ni da Magdalena mu zo mu shafa ƙasa mu ji. Ta mayar da robobi wurinsu, ta wanke labule, ta shimfiɗa sabon zanin gado, ta yi ta turara ɗakin don ta kashe ƙarnin kifi.

Ranar Asabar da yamma tasi mai kore da fari ta sauke Hajiya Nazeefa da Rumasa'u a bakin layi. Yarinyar ta yi nauyi, tana tafiya tana dafe ƙugu, ga akwatinta direba ya biyo su da shi. Iyatu ta tarbi Hajiya da fara'a, ta yi wa 'yarta kallo ɗaya ta kawar da kai, ta ce, "Ke, shiga ki zauna." Hajiya ta zauna a bakin gado, ta sha ruwa, ta ɗaga kai ta dubi rufi a fakaice. Ta ce ɗaki ya yi kyau, masha Allah. Ina tsaye a bakin ƙofa na ga kafaɗun Iyatu sun sauka.

Ana cikin gaisuwa gari ya rufe. Wanda ya zauna a Abuja ya san ruwan farko ba ya zuwa shi kaɗai, sai ya turo iska ta share masa hanya. Ledoji suka tashi sama, ƙofofi suka fara bugawa. Sai kwanon ya fara motsi a kanmu, yana ɗagawa yana komawa. Wani gari mai laushi ya fara zubowa a kan sabon zanin gadon. Garin katako ne. Gara ta cinye katakon rufin tun tuni, ta bar ɓawo, shi ya sa ƙusa take shigewa da bugu ɗaya. Yahuza ya san haka shekara da shekaru, bai dai faɗa ba.

Iska ta sake bugowa, falle biyu na kwano suka tashi da ƙusoshinsu gaba ɗaya. Muka ga sama. Kafin wani ya ce wani abu ruwa ya sauko a kan gado, da akwati, da geron da ke kusurwa.

Ni da Magdalena muka kama Rumasa'u muka kai ta ɗakina. Hajiya, da leshinta mai tsada, ta tsaya tana taya jan katifa. Iyatu kuwa tana tsaye a tsakiyar ɗaki ruwa na dukanta, ta ɗauko roba ta riƙe a hannu, ta rasa inda za ta ajiye ta.

Da ruwa ya tsagaita, Hajiya ta kama hannunta ta ce, "Maman Rumasa'u, kada ki sa wa ranki damuwa. Gida ai duk ɗaya ne. Ki zo can ki yi mata wankan da hannunki, ɗaki na nan."

Iyatu ta ce, "Na gode, Hajiya. Allah ya saka da alheri." Ta ɗauko akwatin da kanta ta kai bakin titi.

Namiji aka haifa, a asibiti, aka wuce da su Wuse. Amir ya sa wa yaron sunan marigayi, sai ya zama shi ma Iyatu ba ta iya kama sunansa, sai dai ta ce "maigidan". Ba ta kwana a can ko sau ɗaya ba, don ba za ta kwana a gidan suruki ba. Kullum ta fita da duhun asuba, ta yi mota biyu zuwa Wuse, ta yi wankan, ta wuce Kado. Ranar farko ta ɗauki ƙunshin itace, mai gadin benen ya ce ba a hura wuta a harabar gidan. A banɗaki ake tara ruwan zafi daga famfo, a cikin bokitin roba. Ta ce mini ruwan ba ya ratsa ƙashi. Wankan yamma kuwa wata 'yar'uwar Hajiya ke yi. In an gama sai a kawo wa Iyatu shayi a faranti, ta zauna a bakin kujera ta sha kamar kowace baƙuwa. Ta rame a kwanakin nan har wuyanta ya fito. Wata rana a mota barci ya kwashe ta, sai da aka kai ta ƙarshen layi.

Duk da haka ba ta bar ɗakin ba. Ta samo fallayen kwanon a cikin kunyar doyar wani manomi, ta buge su suka miƙe. Ta zaɓi sanduna biyu masu ƙwari daga itacen jegon ta tokare ruɓaɓɓen katakon. Ta sake dama soso da fetur, na sake zura tsinke. Sannan ta fara mayar da duwatsun. Ɗaya take ɗauka a ka, ta hau tsani, ta ajiye, ta sauko ta huta. In ta dawo da sauran haske ta ɗora biyu, in ta gaji ta bari sai gobe. Tayoyin ne ƙarshe, Magdalena ta tura mata daga ƙasa. Ba ta ƙara cewa mata su kintsa ba, hawa kawai take yi. Na tambaye ta amfanin wahalar yanzu, ta ce mutum ai sai ya kwana a wani wuri.

Da aka yi arba'in, Rumasa'u ta fito yawon gaishe da dangi, ta iso Jiwa bayan azahar da jariri a kafaɗa. Amir ya sauke ta a bakin titi ya ce zai dawo. Ba a jima ba hadari ya haɗo, da iskarsa kamar wancan. Muna zaune a ɗakin, kwano ya yi ƙara amma bai ɗaga ba. Ruwa ya zuba kamar da bakin ƙwarya, ƙasa a bushe.

Rumasa'u ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Inna, ɗakin ba ya yoyo."

Iyatu ta ce, "To." Ta karɓi jaririn ta ɗaga shi sama kaɗan. "Maigida, ka ga an mayar maka da kayanka. Sai ka daina fushi."

Yarinyar ta kishingiɗa a gadon, ga gajiyar jego ga sanyin ruwa, nan take barci ya ɗauke ta. Iyatu ta kwantar da jaririn a gefenta, ta ja zani ta rufe musu ƙafa. Ta ɗan tsaya a kansu. Sannan ta fita cikin ruwan, ta yaye tamfol, ta kwaso itace zuwa rumfar girki. Ta ɗora garwar nan da ta aro tun bara, ta tsinko ganyen darbejiya a ƙofar gida, ta tsuguna tana hura wuta hayaƙi na shiga idonta. Na ce mata ai an gama wanka, arba'in ta cika. Ta ce ɗaya dai ba zai yi illa ba.

Ruwan na fara tafasa wayar Rumasa'u ta yi ƙara. Amir ne, yana bakin titi, ya ce su yi sauri kafin hanyar Gwagwa ta cushe, ga sauran gidaje biyu ba a je ba. Rumasa'u ta fito tana gyara mayafi, ta ga garwa, ta ga ganye, ta tsaya.

"Inna…"

"Ke, wuce, kada ki bar mutum yana jira."

Ta raka su iyakar ƙofar gida, don ba ta isa inda suruki yake. Ta dawo ta zauna a kan turmi a gaban garwar, tururi na tashi. Ta janye itacen da bai gama ci ba, ta kashe shi a ƙasa, ta mayar ƙarƙashin tamfol.

Ta ce, "Malama, in kina da wanki ki kawo bokiti. Kada ruwan ya huce a banza."